Baiti, ɗango da adon harshe: haddacewa za mu yi ko ganewa?

Ummi: Assalamu alaikum malamaina da yayyena. Ina aji shida na sakandare, bana za mu zauna WAEC da NECO, kuma na cike Hausa a JAMB. Nahawu ba ya ba ni wahala, amma da an zo ɓangaren waƙa sai kaina ya ɗaure. Baiti, ɗango, amsa-amo, jigo, salo, kamantawa, siffantawa, gangara, saɓi-zarce, duk sun cakuɗe min. Don Allah wani ya taimaka ya rubuto min ma'anar kowanne a layi ɗaya in haddace. Lokaci ya ƙure.

Nura: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ɗango shi ne layi ɗaya na waƙa. Baiti kuwa tarin ɗangwaye ne da aka ware su wuri guda. Amsa-amo sautin da ɗangwaye ke ƙarewa da shi, wasu na cewa ƙafiya. Jigo shi ne saƙon waƙa. Salo hanyar da aka bi aka isar da saƙon. Kamantawa da "kamar" ake yi, siffantawa babu "kamar". Haddace waɗannan tukuna, sauran zan turo bayan isha'i.

Malam Garba: Nura, Allah ya saka da alheri, abin da ka rubuta babu kuskure a ciki. Amma Ummi, ki saurare ni da kyau, domin na daɗe ina duba takardun yara irinki. Ba safai ake cewa "kawo ma'anar siffantawa" ba. Baiti za a ajiye miki, wani lokaci wanda ba ki taɓa gani ba, a ce wane adon harshe ne a ɗango na biyu, ko mene ne amsa-amon waƙar nan. A nan ne mai hadda ke tsayawa cak. Ya san ma'anar, amma ga abin a gabansa bai gane shi ba. Kamar yaron mahauci ne da ya haddace sunan hanta da huhu da tumbi, amma bai taɓa tsayawa wurin fiɗa ba.

Saboda haka ga baiti na tsara miki, mu fara da shi:

Ina son karatu kamar ran jikina,
Da shi za ni share hawayen ubana.

Faɗa min ɗango nawa ne, mene ne amsa-amonsa, kuma me kika gani a ɗango na farko.

Ummi: Ɗango biyu ne Malam. Amsa-amon "na". A na farko akwai "kamar", ke nan kamantawa ce.

Malam Garba: Madalla. Baiti mai ɗango biyu shi ake kira 'yar tagwai ko ƙwar biyu. Mai ɗango ɗaya gwauruwa, sai ƙwar uku, ƙwar huɗu, ƙwar biyar. Yanzu ƙara mataki ɗaya: me aka kamanta da me, kuma wanne ya fi?

Ummi: Son karatu da son rai. Babu wanda ya fi, daidai suke.

Malam Garba: To kin gano kamancen daidaito da kanki. Kalmominsa su ne kamar, tamkar, sai ka ce, awa. Da cewa na yi son karatu ya fi son rai, ya zama kamancen fifiko. Da cewa na yi son dukiya bai kai son karatu ba, kamancen kasawa ke nan. Kin ga abu uku sun shiga ba tare da hadda ba.

Malama Hadiza: Malam Garba ka yi daidai. Ina koyarwa a kwalejin ilimi, kuma ɗaliban da ke zuwa mana daga sakandare matsalarsu ɗaya ce: suna farautar kalmar "kamar". In sun gan ta, murna. In babu ita, sai su ce babu adon harshe a baitin. Dubi ɗango na biyu na Malam, "share hawayen ubana". Ai ba hankici zai ɗauka ya goge fuskar mahaifinsa ba. Nufinsa ya fitar da shi daga ƙunci. Hawaye sun tsaya a madadin wahala, ba a ambaci wahalar ba. Wannan ma ado ne, kuma ni a wurina ya fi na ɗangon farko nauyi, domin shi ne ya faɗa mana dalilin son karatun.

Sadik: Ni fa ina da magana, malamai ku yi haƙuri. Ina rubuta waƙa, ina shiga sitidiyo, mutane na saurare. Ban san wani abu wai shi aruli ba, ilimin auna karin waƙa da ake koya wa ɗalibai. Kari nake ji a kaina, in yi ta gunguni da shi har kalmomi su hau. Me ya sa za a ɗora wa yara ma'aunin Larabawa a kan waƙar Hausa? Makaɗanmu na gargajiya da aruli suka yi?

Malam Bello: Sadik, tambayarka ta yi kyau, kuma ba yau anka fara ta ba. Bari in ɗan tsawaita.

Ilimin aruli Khalilu ɗan Ahmad al-Farahidi na Basra ya tsara shi a ƙarni na 8 na Miladiyya. Ya saurari waƙoƙin Larabawa da sunka riga shi, ya fitar da karuruwa 15, daga baya almajirin ilimin nan Akhfash ya ƙara ɗaya, sunka zama 16. Ka lura, waƙa ta riga aruli. Malamanmu na ƙasar Hausa, musamman zamanin jihadin Shehu Usmanu na 1804 da bayansa, sun yi karatun Larabci mai zurfi, sun san karuruwan nan. Da sunka zo yin wa'azi da Hausa da Fulatanci cikin ajami, sai sunka ɗora waƙoƙinsu bisa su. Abin da ya sa ya hau ba tare da tilas ba shi ne Hausa da Larabci duka suna rarrabe gaɓa doguwa da gajeriya. Gajeriya ita ce baƙi da gajeren wasali, awa "ka" ta cikin karatu. Doguwa ita ce baƙi da dogon wasali, ko baƙi da wasali da wani baƙin, awa "raa" ko "son".

Ɗauki ɗangon Malam Garba ka rera shi a hankali:

i-naa-son / ka-raa-tuu / ka-mar-ran / ji-kii-naa

Gajeriya, doguwa, doguwa, har sau huɗu. Kowane yanki shi a ka kira ƙafa, wagga ƙafa kuwa sunanta Fa'ulun, karin da ta ka ginawa shi ne Mutaƙarab. Ba mu ɗora mai komai ba, abin da ke ciki munka fitar.

Wahalar yaranmu daga boko take. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali. Wanda ya tashi da ajami yana ganin tsawon a takarda, don ana rubuta shi. Ɗan boko sai ya furta da baki kafin ya ji. Don haka Ummi ɗiyata, kada ki yanka waƙa da ido. Rera ta.

Sadik: Na ji Malam, Allah ya ƙara sani. Amma ka ga ai ka tabbatar da maganata. Waƙa ta riga aruli.

Malam Bello: Ta riga shi ƙwarai. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, da ka ya tsara waƙar Imfiraji wasu sunka rubuta, kuma ba ka jin karinta ya yi tuntuɓe. Kunne ne ya yi mai awo. Akwai ma rubutattun waƙoƙi da yawa da marubutansu sunka ari kari daga waƙar makaɗa ko ta 'yan mata a dandali, in ka matsa sai ka auna su da karuruwan Larabci sai ka yi ta kawo uzuri. Manazarta sun daɗe suna jayayya a kan wanga. Ni abin da ni ka cewa: mawaƙi na iya rayuwa ba aruli, amma mai nazari yana buƙatar abin da zai nuna wa wani inda kari ya karye, ba ya ce "na dai ji bai yi daɗi ba" kawai.

Malama Hadiza: Kuma a matakin sakandare ba a zurfafa a aruli, Ummi kada ki tsorata. Ki iya raba gaɓa, ki ji doguwa da gajeriya, ya ishe ki yanzu. Abin da za a fi tambayar ki shi ne zubi da tsari. Ga wasu baitoci biyu da na tsara don aji:

Uwata takan tashi kafin a farka,
Ta hura wuta can a murhu ta girka,
Tukunyar kunu don mu karya da safe.

A yau ga ta zaune da sanda da tsufa,
Tana addu'a duk dare sai ta tofa,
Ilahi kurenta gaba ɗai ka yafe.

Ki duba ƙarshen kowane ɗango. A baiti na farko: ka, ka, fe. A na biyu: fa, fa, fe. Wanda ke canzawa daga baiti zuwa baiti, wato "ka" da "fa", shi ne ƙaramin amsa-amo, wasu na cewa amsa-amon ciki. Wanda ke dawowa a ƙarshen kowane baiti har waƙa ta ƙare, wato "fe", shi ne babban amsa-amo, ko na waje. In aka ce miki kawo amsa-amon waƙa ba a fayyace ba, babban ake nufi. Shi ne igiyar da ta ɗaure waƙar, ko baiti ɗari ne da shi za a yi ta rufewa.

Sai kuma gangara da kika tambaya. Karanta ɗango na biyu ki tsaya: "Ta hura wuta can a murhu ta girka". Ta girka me? Maganar ba ta cika ba, dole ki gangara ɗango na uku ki tarar da tukunyar. Wannan ita ce gangara, a cikin baiti ɗaya take faruwa. In kuwa baiti ya ƙare ɗungurungum magana ba ta cika ba, sai an tsallaka baiti na gaba, shi ne saɓi-zarce. A nan babu shi, don baitin farko ya rufe maganarsa a "da safe".

Ummi: Wallahi Malama yau na fahimci gangara. Da can na ɗauka duk abu ɗaya ne da saɓi-zarce.

Aliyu: Salamu alaikum. Ina shekarar farko a NCE, Hausa nake karanta. Na gwada yin nawa a kan karin da Malam Bello ya nuna, a duba min:

Idan damina ta yi kyau to manomi,
Yakan manta zafi da yunwa ta rani.

Malam Garba: Aliyu, karinka ya zauna daram, ko gaɓa ɗaya ba ta zame ba, kuma ka yi gangara mai kyau, don "manomi" na rataye sai ɗango na biyu ya sauke shi. Matsala ɗaya: amsa-amo. Ka rufe da "mi" da "ni". Wasalin ɗaya ne, amma baƙin ya bambanta. A rubutacciyar waƙar Hausa gaɓar ƙarshe gaba ɗaya ake so ta dace, baƙi da wasali. Gwada neman kalma mai ƙarewa da "mi".

Aliyu: Yakan manta yunwa da dogon jimami.

Malam Garba: Shi ke nan, ya hau. Ka kuma lura da abin da ya faru: neman amsa-amo ya tilasta maka ka bar "zafi" da "rani" ka kawo "jimami", sai baitin ya tashi daga wahalar jiki ya shiga ta zuciya. Haka ƙa'ida ke yi wa mawaƙi, tana matsa shi har ya tono kalmar da bai yi niyya ba.

Sadik: Mu a sitidiyo "mi" da "ni" wucewa suke yi, babu mai tsayar da kai.

Malama Hadiza: Suna wucewa saboda kiɗa da jan murya sun rufe su. A takarda babu abin da zai rufe. Shi ya sa nake so ɗalibai su raba waƙar baka da rubutacciya tun farko, don kalmomin nazarinsu ma ba ɗaya ba ne. A waƙar baka ba mu cika cewa baiti ba, ɗa muke cewa, jam'i ɗiya. Akwai gindin waƙa, wanda ake komawa gare shi bayan kowane ɗa. Akwai jagora, akwai 'yan amshi. Ɗa ɗaya na iya zama layi biyu, na gaba ya zama layi goma sha, babu wanda zai ce an yi laifi, domin kiɗa ne ke riƙe da awo: kotso a wurin Narambaɗa, kalangu a wurin Shata, kuntigi a wurin Ɗan Maraya Jos. Kuma makaɗi na iya rera waƙa ɗaya yau, gobe ya ƙara mata ɗiya saboda wani babban mutum ya shigo wurin. Rubutacciya kuwa in an rufe ta an rufe.

Sadik: To mu ina muka faɗa? Muna rubutawa a waya, muna da baiti, muna da amshi, muna da kiɗan fiyano.

Malama Hadiza: Kun ɗebo daga kowane ɓangare, kuma har yanzu masana ba su gama daidaitawa a kan inda za a ajiye ku ba. Ni dai ina kawo waƙoƙinku aji, domin yara sun haddace su, kuma cike suke da kambamawa. Duk wanda ya ce hawayensa sun cika kogin Kwara saboda masoyiya, ya ba ni misalin da ba sai na yi dogon bayani ba. Abin da ba na yarda da shi shi ne ɗalibi ya tsaya a nan, ya kasa karanta baiti biyar na waƙar ƙarni na 19.

Nura: Malamai ga wata da ta taɓa rikita mu a aji. In mawaƙi ya ce wa sarki "toron giwa", siffantawa ce ko dabbantarwa? Littafi ɗaya ya ce wannan, wani ya ce wancan.

Malam Garba: Ni siffantawa nake koyarwa. Siffantawa ita ce ka ce wannan shi ne wancan kai tsaye: haƙuri rumbu ne, sarki giwa ne. Jinsintarwa kuwa, wadda ta ƙunshi mutuntarwa da dabbantarwa da abuntarwa, hali ko aikin wani jinsi ake ɗauka a ba wani. "Yunwa ta shigo gari ta yi sallama a kowace ƙofa", an ba yunwa ƙafa da baki, mutuntarwa ke nan. "Ya buɗe fukafukai ya rufe marayun ƙaninsa", an ba mutum aikin kaza mai 'yan tsaki, ba a ce shi kaza ne ba, dabbantarwa ke nan. Da an kira sunan dabbar an ɗora wa mutum, ni a wurina an siffanta.

Malam Bello: A nan kam ban bi ka ba Malam Garba. In makaɗin fada ya ce toron giwa, ba suna kawai ya ba sarki ba. Ya fitar da shi daga jinsin mutane ya kai shi dawa, inda duk dabba ke kaucewa in ya taho. Sau da yawa ma ɗan waƙar na ci gaba, ya ce ya taka ƙasa ta girgiza, ya karya itace, 'yan adawa su zama ƙananan namun da ke gudu. Wanga ai mayar da mutum dabba ne, me ya rage?

Malam Garba: In ya ci gaba haka, sai in ce doguwar siffantawa ce, wadda aka shimfiɗa ta a layuka da yawa.

Malam Bello: Ni kuma in ce dabbantarwa ce da ta cika.

Malama Hadiza: Ku biyun kuna da madogara, kuma dalilin saɓanin a bayyane yake. Kalmomin nan ba tsofaffi ba ne can. Baiti da ƙafiya da tahamisi daga Larabci muka gada. Amma irin su jinsintarwa da saɓi-zarce da baubawan burmi a matsayin kalmomin nazari, malaman jami'o'inmu ne suka zauna suka tsara su bayan an fara karantar da Hausa a matakin digiri. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo a Jami'ar Bayero ya yi babban aiki a kan rubutacciyar waƙa, Farfesa Abdullahi Bayero Yahya a Sakkwato ya yi a kan jigo da salo, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi a kan waƙar baka. Kowa da yadda ya yanka iyakokinsa, shi ya sa ɗalibin Kano da na Sakkwato kan zo da suna biyu na abu ɗaya. Shawarata ga mai jarrabawa: in zaɓi ne aka bayar, duba wanne ke cikin zaɓin, da wuya a sa duka biyun. In rubutu ne, faɗi sunan da malaminka ya koya maka, sannan ka bayyana me aka mayar me, kuma me hakan ya ƙara wa sarkin. Mai duba takarda ba zai hana ka maki ba in bayaninka ya tsaya.

Ummi: Malama mene ne baubawan burmi kuma? Ban taɓa jin sa ba.

Malama Hadiza: Haɗa abu biyu masu karo da juna, amma in kin natsu ki ga gaskiya a ciki. A ce wa jahili "mai ido makaho", ko a ce wa marowaci "mai kuɗi matalauci". Sai karangiya, wato jera kalmomi masu sauti iri ɗaya har harshe ya riƙa sarƙewa. Ita da kunne ake kama ta.

Issoufou: Gaisuwa daga Damagaram. Ni ba ɗalibi ba ne, ɗinki nake yi, amma ina bin zancen nan tun farko. Kakana ya bar mana takardun waƙoƙin wa'azi na ajami. A ƙarshen wata akwai kalma da ba Hausa ba ba Larabci ba, an ce "ramzi" kafin ta. Na tambayi mutane da dama ba su sani ba. Mene ne?

Malam Bello: Issoufou, ka riƙe takardun nan da kyau, ka nisanta su da danshi da gara. Ramzi shekarar da anka gama waƙa ce, an ɓoye ta cikin haruffa. Kowane baƙin Larabci na da adadinsa. A lissafin da malamanmu ke bi, irin na Magrib, shinun 1000 ne, ra 200, kaf 20, lam 30, alif 1, ba 2, haka dai. Ba a ƙirga wasulla na sama da ƙasa, baƙaƙe kawai. In ka ga kalma mai shin da ra da kaf, ka tara: 1220 ke nan na Hijira, wajen 1805 na Miladiyya. Shi ya sa ramzin waƙoƙin ƙarni na 13 na Hijira ke yawan farawa da "shar". Ɗauki hoton baitin ka turo, mu lissafa tare.

Tunda an zo nan, yara ku san tsarin tsofaffin waƙoƙin ga. Suna buɗewa da sunan Allah da salatin Annabi, shi a ka kira mabuɗi. Suna rufewa da godiya da salati, wani lokaci da sunan mawaƙi da yawan baitoci da ramzi, shi ne marufi. Akwai kuma tahamisi, wanda ɗalibai ke ruɗawa da ƙwar biyar. Ƙwar biyar mutum ɗaya ya tsara abinsa ɗango biyar-biyar. Tahamisi kuwa wani ne ya tarar da waƙar wani mai ɗango biyu, ya ɗora ɗango uku a saman kowane baiti, da kari ɗaya, ya zama biyar. In biyu ya ƙara sunka zama huɗu, tarbi'i ne. Sanannen misali shi ne Tabban Haƙiƙan: Shehu ya yi ta da Fulatanci, ɗiyarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗansa Isa ya yi mata tahamisi.

Issoufou: Allah ya biya Malam. In na tashi daga shago zan ɗauko hoton.

Malam Garba: Maganar mabuɗi ta tuna min kuskuren da ya fi cin makin yara. A ce kawo jigon waƙa, sai yaro ya karanta baiti na farko ya ga an yabi Allah an yi salati, ya rubuta "jigonta yabon Ubangiji". Alhali waƙar a kan illar shaye-shaye take, ko siyasa, ko tsabta. Ki tsallake mabuɗi Ummi. Sau da yawa a baiti na biyu zuwa na biyar mawaƙi kan faɗi niyyarsa ƙarara, ya ce zan yi waƙa a kan kaza, ko ku saurara in gargaɗe ku game da kaza. Wannan shi ne furucin jigo, ki ja masa layi. In bai furta ba, ki duba abin da ya fi komawa kansa. Sauran batutuwan da ya ratsa ƙananan jigogi ne. Bin baitoci ɗaya bayan ɗaya ana nuna yadda kowanne ya taimaki babban jigo kuwa shi ne warwarar jigo.

Gwada da baitocin Malama Hadiza.

Ummi: Jigon darajar uwa ne. Baiti na farko wahalar da ta sha, na biyu tsufanta da addu'ar da ɗanta ke mata. Ba a furta jigon ba. Kuma Malam, "sanda" ɗin nan, alamtarwa ce? Don tana nuna rauni.

Malam Garba: Warwararki ta yi. Sanda kuma, Malama ce mai baiti, ita za ta faɗa.

Malama Hadiza: Kin yi tunani mai kyau 'yata, amma ki duba abin da ke gefenta. Na ce "da sanda da tsufa". Tunda na ambaci tsufan da bakina, sandar ba ta ɗauki nauyin komai ita kaɗai ba, sanda ce kawai a hannun tsohuwa. Alamtarwa na ƙarfi ne in an ɓoye abin da ake nufi an bar alamar ta yi magana. A ce "rawani ya faɗo gidansu", ba a ambaci sarauta ba amma kowa ya gane. Da na cire "tsufa" na bar sanda, da amsarki ta zama daidai ba gardama. In kin rubuta haka a jarrabawa kika kawo wannan dalilin na rauni, ni zan ba ki rabin maki.

Aliyu: Malama zambo da habaici fa? Su ma adon harshe ne?

Malama Hadiza: An fi lissafa su cikin tubalan da ake gina waƙar baka da su, tare da yabo da kirari da roƙo. Zambo muzantawa ce a fili, a siffanta mutum da muninsa yadda kowa zai gane shi, kamar yadda makaɗan fada ke yi wa 'yan sarkin da ke hamayya da ubangidansu. Habaici kuwa a jefa magana ba a kama suna ba, mai ita ya tsinci abarsa. Amma a cikin zambon za ka tarar da adon harshe, musamman dabbantarwa da kambamawa, don da su ake muzantawar.

Sadik: Malam Bello, akwai wata waƙa da nake kan haɗawa, baiti huɗu da amshi. Ina so in turo a auna min ita da wannan Fa'ulun ɗin, in ga ko kunnena na faɗa min gaskiya.

Malam Bello: Turo. Ba lalle ta hau Mutaƙarab ba, tana iya zama Ramal ko Mutadarak, ko ma karin da ba shi cikin 16 ɗin. Amma ka turo murya tsura, ba fiyano ba ganga, kuma ka rubuto baitocin a ƙasa yadda Aliyu da Ummi za su raba gaɓoɓin da kansu kafin mu sa baki.